Ni da Linka a Kan Muryar Baba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Gidanmu na unguwar Dala, a nan Barno, yana nan yadda muka bar shi, har da randar da ke yoyo. Baba ya sauko daga mota da ƙafarsa, ya ƙi a riƙe shi, ya gyara farin ƙyallen da ke wuyansa kamar mai shirin shiga ofis. Maƙwabta sun cika zaure, suna ta jera masa gaisuwar Kanuri. "Wushe Malam Ajimi, wushe da hanya, ya ƙarfin jiki?" Shi kuwa sai ɗaga hannu biyu yake yi yana murmushi. Da a da ne, da ya tsare su da labarin hanya har magariba ta kusa kuɓuce musu.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Likitoci sun yi aikinsu, sun cire abin da za su cire, Baba yana raye, yana cin tuwo. Muryar ce ta tafi tare da abin, kuma ba a ce mu jira ta ba. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Na ɗauko masa ɗan farin allo da maka daga makarantar da nake koyarwa. Abin da ya fara rubutawa shi ne: "Shayi. A sa sukari sosai, likita yana Kano." Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi tasa, ta kafaɗu, wadda ba ta da sauti.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na samu sabon muƙami a gidan nan, tafinta tsakanin miji da mata. Inno ba ta yi boko ba, ajamin da ta iya kuma idonta ya daina ɗauka. Don haka Baba ya rubuta, ni in karanta, Inno ta amsa.

"Inno, ya ce ina hularsa mai ruwan ƙasa."

"Ki ce masa tana inda ya yar da ita."

"Inno, ai yana ji. Kunnensa lafiya lau."

"To ya ji."

Haka muka wuni. Abin dariya ne, kuma na yi dariyar.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Na gwada waya. Na rubuta "sannu da aiki" na danna ta karanta, sai ga muryar wata baturiya ta fito tana tauna kalmomin kamar mai cin ɗanyen rogo. Da na sa mata Kanuri kuwa, sai ta koma lissafa haruffa. Inno ta ajiye mafici ta dube ni.

"Ke Auta, kashe min wannan. Tun ban haife ku ba nake jin Malam, yanzu za ki kawo min mai karanta labarai?"

Baba ya rubuta wani abu a allo. Ya dube ni, ya dubi Inno, sai ya sa hannun riga ya goge.

"Me ya ce?" in ji Inno.

"Ya goge, Inno."

Ta tashi ta shiga kicin, alhali ba ta ɗora komai ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Na tuna! Ina cikin wanke fuska abin ya faɗo min, har sabulu ya shiga idona.

Lokacin ina 'yar firamare, Baba yana koyar da kwamfuta a kwaleji, ya rubuta wata manhaja don ɗalibansa makafi. Sunanta Furta. A rubuta mata magana, ta karanta da Hausa ko Kanuri. Kuma da muryar wa? Da tasa. Ina tuna shi tsakar zafi, ya lulluɓa da bargo shi da makirufo, yana ba, be, bi, bo, bu, gaɓa bayan gaɓa, ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Makonni aka yi an hana daka a gidan nan. Inno maƙwabta take kai turminta, tana tafiya tana mita.

Muryar Baba tana cikin gidan nan, a cikin wani kwali. Ba zan gaya wa kowa ba sai ta yi magana. Idan na ɗaga musu rai abin ya ƙi, ban san inda zan sa fuskata ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na samu faifan CD ɗin a ƙasan tsofaffin takardun jarrabawa. Kwamfutata ba ta da ramin faifai, sai da na hau Keke har Bulabulin na aro na'urar karantawa wajen masu gyara. Faifan ya sha karce. Duk da haka ya ba ni yawancin kayan: fayilolin da Baba ya rubuta da yaren kwamfuta na C, da babban fayil ɗin murya, da laburare biyu nasa na kansa, wato rumbunan ayyukan da manhajar ke ɗiba, ɗaya ya sa masa suna hausa, ɗaya kanuri. Waɗannan biyun a dunƙule suke, ba a iya karanta cikinsu, kuma su kaɗai suka san yadda ake buɗe fayil ɗin muryar, don Baba ya matse shi da wata dabara tasa saboda ƙarancin wuri a kwamfutocin wancan zamani.

Abu ɗaya karcen ya cinye: Makefile, wato fayil ɗin da ke faɗin yadda ake harhaɗa kayan. Sai dai in lalubo da kaina.

Bari in rubuta wannan don idan na tsufa na dawo karantawa in gane. Kompaila shi ne mai yanka, yana ɗaukar kowane fayil ya mayar da shi abin da inji zai fahimta. Linka shi ne mai ɗinki, yana haɗa hannun riga da jikinta. Idan wani fayil ya ce yana buƙatar aiki kaza, linka zai nemo inda aikin yake a cikin laburare ya ɗinke su. Idan bai samu ba, sai ya ajiye allura ya ce undefined reference, ma'ana an ambaci wani suna, shi kuma bai san mai sunan ba.

Kompaila ya yi ta gunaguni amma ya bar ni na wuce. Linka kuwa ya zubo min da wannan kalma har allon kwamfutar ya cika ya tumbatsa. Daga yau sunansa Malam Linka. Tsoho ne mai taurin kai, irin masu gadin da ba sa ganin fuska sai kati.

Baba lafiya.

Litinin, 12 ga Mayu, lokacin tara a makaranta

Rabin sunayen da Malam Linka ya ce bai sani ba na lissafi ne, su sin da sqrt. Na ƙara -lm, wato laburaren lissafi. Sun ɓace! Haruffa biyu da ɗan layi! Na buga tebur har malamar Turanci ta leƙo tana tambaya ko kunama ce.

C ɗin da na yi a jami'a na cin jarrabawa ne kawai, yara kuma Python nake koya musu. Amma yau ji nake kamar ni na ƙirƙiro kwamfuta.

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

Babu wuta. Batir ya mutu. Baba lafiya.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na kai ƙara Moduganari, wajen Ketura. Tun ajin farko a jami'a muke tare, ita ta riƙe harkar, yanzu daga ɗakinta take yi wa wani kamfani na Legas aiki. Tana da sola da fanka, mamanta kuma tana da zoɓo mai sanyi. Ko babu linka ma ai zuwa ya kama ni.

Na nuna mata. Laburaren suna nan, na ambace su, amma Malam Linka ya rantse bai san komai na cikinsu ba. Ta karanta layin da na rubuta, sai ta kwashe da dariya har tana ƙwarewa.

"Siddiƙa, me ya sa kika jera laburare a farko, fayilolin a ƙarshe?"

"To ai su ne manya. Na Baba ne. Manya ake fara gabatarwa."

"Wayyo ni. Wannan ba ɗaurin aure ba ne fa. Linka daga hagu yake karantawa zuwa dama. In ya iso kan laburare, sai ya tambaya, akwai mai buƙatar wani abu a nan? In ba wanda ya riga ya yi magana, sai ya sallame shi ya wuce, kuma ba ya waiwaye. Mai buƙata shi ke fara magana, mai kaya ya biyo baya."

Muka mayar da manyan baya. Saƙon ya canja. Ba a ce an gama ba, amma ya canja, kuma na gano cewa a wannan aikin sabon zagi ma ci gaba ne. Muka tafa.

Da zan tafi ta riƙe hannuna a bakin ƙofa. "Ya jikin Baba, tsakani da Allah?"

Na ce kəlewa, lafiya lau. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in gaida Inno.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Yaya Garzali ya kira daga Kano. Sakamakon gwajin asibiti ya fito. Likitoci suna so Baba ya koma ranar Litinin ta sama, 26 ga wata, akwai sauran abin da za a yi masa, kuma zai ɗau makonni. A gidan Yaya zai zauna. Inno ba za ta je ba, ƙafarta ba za ta iya wannan zirga-zirgar asibitin sau biyu ba.

Yaya ya ce, "Ba komai, ai ga waya." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi saurin yin sallama. Ni ma na yi.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Sabon zagin Malam Linka shi ne skipping incompatible. Yana ganin laburaren Baba, ya san suna nan, amma ya ce ba sa'o'insa ba ne, ya tsallake su. Ketura ta bayyana min ta waya: an gina su ne don tsofaffin injuna masu 32, kwamfutata kuwa mai 64 ce. Tunda ba ni da asalin rubutun da zan sake gina su, sai dai ni in sauko in same su. A sa -m32, sannan a sauke duk tsofaffin kayan da za su dace da su.

Na zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda netwok ya fi kamawa, ina kallon layin saukewa yana rarrafe. Mai mangwaro ya wuce, na saya na sha uku ina jira. Da ya kammala, Malam Linka ya karɓi laburaren Baba hannu bibbiyu. Na shiga gida ina rawa, Inno ta ce, "Ke kuma lafiya? An ƙara miki girma ne a makarantar?" Na ce kusan haka.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

Muna tsintar shinkafa ni da Inno. Ita da hannu take ganewa, ta fi ni sauri. Baba yana barci.

Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Auta, kin yi ƙoƙari. Amma akwai maganar da ba a aiko 'ya da ita."

Na ce, "Inno, ai ni ba na riƙewa. Ina karantawa ina mantawa."

"Ba ke ba ce. Shi ne. Malam ba zai rubuta miki yana jin tsoro ba. Ni kuma ban san ko yana ji ba. Da can, ko juyi ya yi a gado na san abin da ke ransa, don sai ya faɗa, mutumin da ko a mafarki ba ya shiru. Yanzu ina yi masa magana, yana gyaɗa kai. Gyaɗa kai ai ko baƙo yana yi."

Ta ci gaba da tsinta. Sai ta ce, "Ga shi zai tafi."

Na ce bari in ɗebo ruwa. Na daɗe a wajen randa.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Yau kuma akasin na da. Da Malam Linka cewa yake bai san kowa ba, yau cewa yake masu suna ɗaya sun yi yawa: multiple definition. Akwai wani abu da Baba ya sa wa suna sauti, kuma kowane fayil ya miƙe ya ce nasa ne. Ashe a zamanin Baba, in fayiloli da yawa sun ambaci abu ɗaya, ana ɗauka kwano ɗaya ne ake ci tare. Kayan aikin yanzu kuwa so suke a nuna musu mai kwanon. Ketura ta ce in sa -fcommon, wato in roƙe su su yi irin na da. Na roƙa, sun yarda.

Akwai kuma wani laburaren fitar da sauti zuwa lasifika da duniya ta daina amfani da shi tun ina sakandare. Ayyuka kaɗan Baba yake kira daga cikinsa: buɗe, zuba sauti, rufe. Na zauna na rubuta nawa da sunaye iri ɗaya, na miƙa wa Malam Linka ban ko ƙifta ido ba. Ya karɓa. Ni Siddiƙa na yi wa tsoho wayo, kuma ko kaɗan ban ji kunya ba.

Cikin rubutun Baba akwai 'yan bayanai da ya bar wa kansa. Wani wuri ya ce, "Kada ka taɓa wannan, Ajimi, yana aiki kuma ba ka san dalili ba." Wani wurin kuma, "A nan Auta ta zubar min da kunu a kibod." Ƙarya ne, Yaya Garzali ne.

Baba lafiya. Ya rage cin abinci, amma lafiya.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Saura kaɗan. Sunaye ƙalilan suka rage a allon.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi saurin murna.

Idan na sa hausa a gaba, kanuri a baya, Malam Linka ya ce kanuri yana neman wasu ayyuka bai same su ba. Idan na juya, kanuri a gaba, sai ya ce hausa ne yake nema. Na juya, na sake juyawa, na sake, kamar mai gasa masara. Dokar Ketura ita ce mai buƙata a gaba. To idan dukansu biyun mabuƙata ne fa?

Ketura ta tafi Biu bikin ƙanwarta. Na kira, ban ji komai ba sai ganga da "Halo? Halo?" Netwok ɗin darbejiya ma yau ya ƙi.

Inno ta fara haɗa wa Baba jaka. Ta ninke riguna, ta warware, ta sake ninkewa.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan azahar

Wannan kam sai na rubuta.

Ina ɗakina, na ba ƙofa baya, ina ta juya masarata. Ban ji shigowarsa ba. Duk rayuwata Baba gyaran murya yake yi kafin ya shigo ɗaki, tun daga tsakar gida za ka san yana tafe, har ka samu damar ɓoye abin da kake ɓoyewa. Na manta cewa wannan ma ya tafi. Ƙamshin turarensa na Juma'a kawai na ji.

Na juyo. Yana tsaye, allo a hammata, idonsa a kan kwamfutar. Sunan Furta yana nan ɓaro-ɓaro a saman allonta. Na fara in-ina. "Baba, dama, wai na ce ko, ban so in gaya maka ba sai..."

Ya ɗaga min hannu. Ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau. Ya karanta layina tun daga farko. Da ya ga -m32 ya gyaɗa kai. Da ya ga -fcommon ya taɓe baki. Da ya buɗe ɗan fayil ɗin da na rubuta na sauti, ya daɗe a kansa, sannan ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da bai zaci zai ci ba. Wallahi da za a ba ni digiri na biyu a madadin wannan kallon, ba zan karɓa ba.

Sai ya cire murfin maka ya rubuta: -lhausa -lkanuri -lhausa

Na ce, "Baba, ka maimaita hausa."

Ya ƙwanƙwasa allon da maka.

"Sau biyu ka rubuta, Baba."

Ya goge ƙasan allon ya rubuta: "A Barno kike. Wa kika taɓa gani ya yi gaisuwa sau ɗaya ya wuce?"

Sannan ya yi min bayani a gajarce, yana rubutu yana gogewa. Laburaren biyu aro suke yi wa juna. Hausa ya ari wasu sautuka a wajen kanuri, kanuri ya ari raba gaɓa a wajen hausa. Tunda linka ba ya waiwaye, sai an sake kawo masa na farkon bayan na biyun ya faɗi buƙatarsa. Ya ƙara da cewa, "Na so in raba su. Sun ƙi rabuwa. Na ƙyale su."

Na rubuta yadda ya ce. Na danna.

Ba abin da ya fito. Ko kalma ɗaya. Layi ya dawo fari tas yana jirana. Haka Malam Linka yake, in ya gamsu ba ya cewa an gode, shiru kawai yake yi. Na yi ihu, na toshe bakina don kada Inno ta ji, na yi tsalle na buge gwiwa da tebur. Kafaɗun Baba suna ta rawa.

Na kai hannu zan kunna. Ya riƙe min wuyan hannu. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya rubuta, "Ba yau ba." Ya tashi ya fita, ya manta tabarau ɗinsa a kan teburina.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Yau shayi kawai Baba ya rubuta.

Ban yi tunanin wannan ba. Makonni ina faɗa da linka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mutum zai ji ba idan aka kunna masa muryarsa ta ƙuruciya, shi kuma ga ƙyalle a wuya. Ina jin tsoro na yi masa rauni a inda likita bai taɓa ba.

Na kashe lasifika gaba ɗaya na gwada. Na rubuta kalma ɗaya, na sa ta ajiye sautin a fayil, na buɗe zanensa. Yana hawa yana sauka, kamar yadda magana take yi. Tana aiki. Ban saurara ba. Ba ni ya kamata in fara ji ba.

Asabar, bayan magariba

Jakar tana bakin ƙofa. Jibi ne.

Lahadi, 25 ga Mayu, tsakanin azahar da la'asar

A ƙarƙashin darbejiya nake rubuta wannan, kuma ga yadda aka yi na zo nan.

Bayan azahar Baba ya fito cikin babbar rigarsa mai ruwan sama, wadda yake sawa ranar yaye ɗalibai. Ya sa hula, ya canja sabon ƙyalle. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya nuna kwamfutar, ya nuna falo. Bai ɗauko allo ba.

Na kai ta falo, na jona ƙaramar lasifika, na buɗe masa Furta. Inno tana kicin tana kwashe abinci. Ya zauna, ya goge tafin hannunsa a gwiwa, ya sake gogewa. Ya ɗora yatsu biyu a kibod, yadda yake yi tun da, mutumin da ya koyar da kwamfuta rabin rayuwarsa bai taɓa yarda da sauran yatsun ba. Ya rubuta. Ya rufe ido. Ya danna.

"As-sa-la-mu a-lai-kum."

A gutsure take, gaɓa-gaɓa, kamar mai saukowa daga bene. Ta fi wadda na sani ƙuruciya. Amma tasa ce. Har da ɗan kaurin nan na Kanuri da muke tsokanarsa da shi.

Daga kicin, ba tare da ko ɗan jinkiri ba, Inno ta amsa, "Wa alaikumus salam, Malam, ga ni nan zuwa," da muryarta ta kullum, ta matar da mijinta ya dawo daga aiki. Sai na ji ludayi ya faɗi.

Ta fito tana dafa bango. Ba ta kalli kwamfutar ba sam, shi take kallo. Baba ya buɗe ido, hawaye yana bin gefen hancinsa, amma bakinsa har kunne. Ni kam na riga na lalace, ina kuka ina dariya ina cewa, "Inno, muryar bargo ce! Ta lokacin da aka hana ki daka!"

Ta zauna a hannun kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabanmu ba. Ta ce, "Sake."

Ya sake rubutu. Na gyara zama, don na san yanzu za a zo kan maganar da aka yi ta gogewa, kuma na ji ina da haƙƙi a cikinta, ni da na sha zafin Bulabulin da wulaƙancin Malam Linka.

"Au-ta."

"Na'am, Baba."

"Al-lah ya yi mi-ki al-bar-ka."

"Amin, Baba, amin."

"Fi-ta."

Inno ta ce, "Kin ji abin da ubanki ya ce. Ki ja mana ƙofa."

Na ja musu ƙofa. Na tsaya a tsakar gida, na ji muryar ta koma Kanuri, ƙasa-ƙasa, tana tafiya a hankali. Na ji Inno ta ɗaga murya tana faɗa, faɗa na gaske, irin wanda aka tara. Daga baya na ji dariyarta. Da na lura kunnena ya fara tsintar kalmomi, sai na ɗauki littafin nan na fito waje, inda ba na jin komai sai Keke da masu tallar ruwa.

Ban san me ya gaya mata ba, kuma ba zan taɓa sani ba. An sauke ni daga muƙamina ba ko sallama, kuma tunda nake ban taɓa jin daɗin kora irin ta yau ba.

Ga shi an kira la'asar. Ni har yanzu ba a kira ni ba.